Igiyar Fitilar Yaya Sabo

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Sabo mai hoto na Gumel. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma idan ya kafe ya kafe.

Ni nake riƙe masa fitilar hoto idan aiki ya kai shi cikin gida wajen mata. Ba ya yarda a ɗora ta kan kyamara, wai tana wanke fuska fari fat. Sai ya haɗa su da wata baƙar igiya mai murɗe-murɗe, ni in tsaya gefe in ɗaga, idan ya danna ta haska. A Kano yake samo igiyar, shi ya sa yake lallaɓa ta kamar jinjiri.

Shekarar da aurena ya mutu, Yaya ya ce in koma ɗakina, na ce ba inda za ni. Daga nan ya ɗauke mini magana. Aiki dai muna fita tare, amma da hannu yake nuna mini inda zan tsaya.

Ana cikin haka aka kira mu Sule Tankarkar, gidan wata tsohuwa da ciwo ya kwantar. Ɗanta yana Damagaram, ya aiko a ɗaukar masa hotonta. Ɗakin duhu, ita kuma ba ta fituwa. Aka ɗaura mata kallabi, aka jingina ta da bango. Yaya ya danna, fitila shiru. Igiyar ce ta tsinke daga ciki. Ya zauna bakin ƙofa ya yanke wurin da reza, ya murɗe siraran wayoyin, ya naɗe da leda. Sai ta gajarce, dole na tsaya kafaɗata na gogar tasa.

"Hajara, ɗaga sama kaɗan," in ji shi.

Rabon da in ji sunana a bakinsa tun kafin damina. Na ɗaga, fitila ta haska. Ba a jima ba tsohuwar ta rasu, amma hoton ya isa hannun ɗanta.

A hanyar dawowa, kan babur, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "In ba ki son komawa, ki zauna. Gida ai naki ne."

Yau shagonsa ya zama wurin cajin waya. A biki kowace yarinya da wayarta take ɗauka, ba igiya, ba mai riƙe fitila. Da yana nan na san zai ce fuskokin sun yi fari da yawa, sannan ya sayi wayar a ɓoye.

Kyamarar ta daina aiki, 'ya'yansa kuma babu wanda ya gaji sana'ar. Haƙuri bai taɓa ba ni ba, ni ma ban nema ba. Amma a gidansa na zauna har na sake aure, kuma da dangi suka taso da surutu, shi ya tsaya mini waliyyi. Allah ya ji ƙan Yaya Sabo.