Shinkafa a Fagen Daga

Yau shekaruna tamanin da 'yan kai a duniya, abin da zan ba ku labarinsa kuwa ya doshi shekara arba'in da aukuwa. Duk da haka ban taɓa mantawa da ranar da na buɗe ƙofar ɗakin aikina na tarar hamada ta zama fadama ba.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin, zamanin mulkin soja, ni ne malamin sana'ar hannu a wata makarantar sakandare ta kwana da ke tsakanin Kura da Bunkure, gonakin noman rani sun kewaye ta ta kowace fuska. Ku malaman yanzu ba ku riski wannan darasi da darajarsa ba. A nan ake koya wa yaro sassaƙa da saƙa da ƙira, da yadda zai auna abu kafin ya yanke shi. Ɗaki ɗaya gare ni, mai manyan tagogi masu duban gabas, kuma ba na jin akwai ɗakin da ya fi shi tsari a lardin nan kaf.

Sai dai akwai mai hanƙoron ɗakin, wato Malam Tanimu, malamin aikin gona, ɗan kawuna, taubashina. Shi a ganinsa ɗaki mai iska irin wannan bai dace da komai ba sai ajiyar taki da iri. Kullum muka gamu sai ya ce, “Mai kara, yaushe za ka kwashe tarkacenka?” Ni kuwa in ce, “Sarkin taki, ranar da ka daina wari.”

Wata safiya Shugaban makaranta ya aiko a kira ni. Ya shaida mini cewa ƙaramar hukuma za ta yi taron girmama 'yan mazan jiya, wato tsofaffin sojoji, a babban zauren makarantarmu, kuma wani Manjo zai zo daga bariki ya zama babban baƙo. Sa'an nan ya miƙo mini wani hoto da ya yanko daga tsohuwar kalanda: rairayi ne iyakar gani, ga tankokin yaƙi, ga jiragen sama a bisansu.

“Malam Haladu, kana iya mayar mini da wannan abin da za a gani a kan tebur?”

“Ranka ya daɗe, har abin da mai hoton ya manta zan sa.”

“To madalla. Ba zan ɓoye maka ba, Malam Tanimu ya dame ni a kan ɗakin nan, takin kuma yana barandar ofis yana ƙona mini ido. In ka fid da mu kunya, ɗaki naka ne. In ba haka ba, taki na jiran wuri.”

Ga yadda irin wannan aiki yake, domin wanda bai sani ba. Ba wasan motar kara na yara ba ne, ko da yake da kara ake farawa. Sharaɗinsa shi ne ma'auni: da abin da ka rage tanka, da shi za ka rage jirgi, da shi za ka rage soja. In tanka ta zama kamar tafin hannu, to lalle soja kada ya wuce gaɓar yatsa, in ya wuce ya zama ƙato, aikin kuma ya zama abin dariya. Gangar jikin jirage na yi ta da totuwar karan dawa, na lulluɓe da takarda da ƙaro, fukafukai na ɓawon kara, farfela ta gwangwanin madara. Tankoki kuwa gwangwanin tumatir na buɗe na daddale, na yanka, na liƙe da dalma. Ƙafarsu tsohuwar sarƙar keke ce, bakin bindigarsu bututun biro. Sojoji na yumɓu ne. Da na shawarci limamin makaranta a kansu, ya ce in dai ba za a yi musu fuska ba, babu laifi, saboda haka na bar su da kai da hular kwano kawai.

Saura ƙasa. Na sa aka ɗebo laka daga babbar hanyar ruwan da ta ratsa bayan makaranta. Kowane magini ya san laka ba ta riƙe kanta sai an cuɗa ta da wani abu, don haka na ɗebo ƙaiƙayin shinkafa daga masussukar gonar makaranta, na kwaɓa, na shimfiɗa a kan faffadan katako, na yi tuddai da kwaruruka, na dasa tankokina tun lakar tana ɗanya don su zauna daram. Na barbaɗa rairayi a sama. Irin wannan shimfiɗa kamar daɓe take, in ta bushe da gaggawa sai ta tsattsage, sai an rufe ta da jiƙaƙƙun buhuna ana yayyafa ruwa har ta kama.

Ana cikin haka aka kira mu bita a Kano, ta wajen mako biyu. Na duba duk makarantar ban ga wanda ya fi Malam Tanimu sanin ruwa ba, na kai masa mabuɗi.

“Yayyafi kaɗai, safe da yamma. Kada ka taɓa komai.”

“Haba bawana, ni za ka koya wa ban ruwa?”

Na dawo ana jibi taro, da gwangwanayen fenti mai launin rairayi a bayan babur. Na buɗe ƙofa, sai na ga kore shar. Daga wannan gefen katako zuwa wancan, shinkafa ce ta tsiro, ta miƙe, ta shanye tankokina har sai ka sunkuya kafin ka hangi bakin bindiga. Buhunan an naɗe su an ajiye gefe, tagogi a buɗe, rana tana shigowa. A tsakiya kuma an ja wata 'yar hanyar ruwa da yatsa, an karkasa sauran kwami-kwami.

Ashe ƙaiƙayin masussuka ba irin na injin casa ba ne, wanda shinkafarsa ta sha turara ta mutu. Wannan akwai ƙwayar shanshera mai rai a cikinsa.

Na aika aka kira Malam Tanimu. Ya shigo yana murmushi kamar wanda za a ba lambar yabo.

“Ka ga kyan tsiro? Wallahi ko a gonar gwaji ban sami irinsa ba.”

“Tanimu, hamada na bar maka!”

“To ai na gani. Na ɗaga buhu na ga iri ya fasa, ya yi fari fat yana neman rana. In bar shi ya mutu a ƙarƙashin buhu? Ni? Da wane ido zan dubi ɗalibaina?”

Na dube shi da kyau in ga ko makirci ne don ɗakin. Babu makirci a fuskarsa. Mutumin ƙasarmu ne kawai, wanda hannunsa ba ya iya ganin tsiro ya ƙyale.

Shugaba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

“A tuge ta.”

“Ranka ya daɗe, saiwa ta riga ta kama laka. In aka tuge, ƙasar za ta biyo ta, tankokin su biyo ƙasar.”

“To jibi dai Manjo zai zo.” Ya juya ya tafi, na ji Malam Tanimu yana auna faɗin ɗakin da tako a bayana.

Na zauna ina kallon abin ta fuskar ma'auni, domin shi ne sana'ata. Tsiron da ya kai tsawon yatsa, a wurin sojan da bai wuce gaɓar yatsa ba, ai ba ciyawa ba ce, kurmi ne. Nan take Saje Garba ya faɗo mini a rai, wani dattijo mai noman tumatir a Bunkure, wanda ya yi yaƙin Bama, can ƙasar Asiya lokacin yaƙin duniya na biyu, a ƙuruciyarsa. Duk ranar kasuwa yakan zauna a rumfar mai shayi yana ba da labarin dajin gora da ruwan da ba ya ɗaukewa, mutane na cewa Baba ya fara. Yana cikin waɗanda za a girmama. Na hau babur na ɗauko shi daga gona, da lakarsa a ƙafa.

Ya shiga ɗakin, ya ƙare wa katakon kallo. Sa'an nan ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da bakin katakon, ya leƙa ta cikin tsiron.

“Malam, wa ya gaya maka?”

“Me fa, Baba Saje?”

“Haka yake. Ba ka ganin na gabanka sai hularsa.”

Daga nan murya ta sauya, Saje ya koma saje. Ya ce tankokin sun yi yawa, a can daji ba ya barin tanka ta wuce, sai a bakin hanya. Na ce, “Baba Saje, wata guda na yi ina ƙera su.” Ya ce, “To bar biyu a bakin hanya, sauran a ba su hutu.” Ya dubi jiragen da na rataya da zare, ya wuce masu siririn baki da na fi alfahari da su, ya nuna wani mai tumbi da na yi don cike wuri.

“Wannan ne uwarmu. Shi ke jefo mana abinci da laima daga sama. In muka ji kukansa, har mai zazzaɓi tashi yake.”

Ya ce hanyar ruwan Malam Tanimu a faɗaɗa ta ta zama kogi, a kuma ɗora wa rabin sojojin kaya a ka, domin da kai aka yi dakon wannan yaƙi.

Ranar nan da kashegarinta ba mu zauna ba. Fentin rairayin da na sayo na ajiye shi, na ari koren fentin ƙofofin makaranta. Na yanka tsohon farin ƙyalle na yi laimomi, na ɗaure musu ƙullin gero a matsayin buhuna. Malam Tanimu ya ɗauki almakashi yana rage tsiro inda hanya za ta bi, yana yi yana salati kamar mai yi wa ɗansa kaciya.

Ranar taro aka ɗauki katakon a hankali aka kai zaure. Bayan jawabai, Manjo ya taso da sandarsa a hammata, Shugaba na biye da shi yana share gumi. Ban kai ga buɗe baki in yi bayani ba, sai tsofaffin nan suka taso daga kujerunsu, wasu da sanda, wasu da lambobinsu a kan babbar riga, suka kewaye teburin. Wannan ya ce ga inda aka ƙetare, wancan ya ce a'a, ta can ƙasa ne, suka kaure da gardama kamar jiya aka dawo. Manjo ya zare sandarsa ya miƙa wa Saje Garba, ya ce, “Baba, kai ne kwamanda a nan.”

Saje ya yi bayani tiryan-tiryan, zaure ya yi tsit, har da waɗanda suka saba cewa Baba ya fara. Da ya zo bakin kogi sai ya tsaya a kan wani soja mai kaya a ka, ya ce wannan Audu ne, mutumin Dawakin Kudu, tare suka tafi, a nan ya tsaya, bai dawo gida ba. Wani tsoho ya nuna na kusa da shi ya ambaci wani suna. Saje ya waiwayo ya dube ni.

“Gara da ba ka yi musu fuska ba, Malam. Kowa ya sa tasa.”

Manjo ya tambayi Shugaba ko dabarar wa ce a shuka daji mai rai. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce, “Ai malamanmu haka suke, haɗin kai gare su.” Da aka watse ya ja ni gefe ya ce mabuɗin ɗaki ya zauna a aljihuna, za a yi wa taki rumfar kwano a bayan kicin.

Malam Tanimu bai yi fushi ba, sharaɗi ɗaya ya kafa: a ba shi irinsa. Ya yanka fagen dagan gunduwa-gunduwa, ya kai bakin ruwa ya yi dashe, ya riƙa nuna wa baƙi wurin yana cewa ga shinkafar da ta je Bama ta dawo. Har ya bar duniya yana cewa da ban ruwansa na ci ɗakin, ni kuwa ina cewa da ma'aunina ne.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari, kuma nake so ku ɗauka, shi ne mai ƙera ƙaramin abu ya fara neman wanda ya ga babban da idonsa. Hoton kalanda ya nuna mana yaƙin wasu, alhali masu namu suna rumfar mai shayi. Sa'an nan duk wanda zai yi aiki da lakar ƙasar nan, ya sani tana da rai, mutanenta kuma ba za su bar ta da ƙishirwa ba.

Wanda yake shakka, shaidu na nan. Shugaba da Saje Garba da taubashina Tanimu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Amma Malam Isiyaku, limamin makaranta, yana raye a Kura, haka kuma Alhaji Sule direba, wanda ya kama kusurwa ɗaya ta katakon ranar da muka kai shi zaure. Ku tambaye su.