Inna Tasalla Mai Tukwanen Azurfa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Agusta 2025, da hantsi, labari ya iske ni a wurin aiki cewa Allah Ya karɓi ran Inna Tasalla, maginiyar tukwane ta Jiratawa, bayan jinyar kwana tara.

Inna, a shekarar amai da zawo muka san juna, shekarar da kika binne jikoki biyu cikin sati guda. Ni ma'aikacin awon ruwa ne daga Maraɗi, an aiko ni neman wanda zai gina tukwanen tace ruwa. Kowa ya noƙe, ke kika karɓa. Kina kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, ki gasa, sannan ki shafe tukunyar ciki da waje da ruwan azurfa. Ba ki taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, amma hannunki ya fi nawa sanin awo.

Ban manta ranar da na kawo miki sakamakon awon ruwan ba. Na ce azurfar tana kashe bakteriya, amma ƙwayoyin birus, irin masu kawo ciwon shawara, wasu suna sulalewa. Kika ce, "Zakari, ɗana, to a faɗa wa mutane." Tun daga ranar, duk matar da ta ɗauki tukunya sai kin riƙe hannunta kin ce, "In shawara ta shigo gari, ki tafasa."

Da ruwan azurfa ya yanke mana wata uku, wani ɗan kasuwa ya nemi ki ba shi tukwanen haka nan, tunda ido ba ya bambancewa. Kika ce, "Cikin yaro yana bambancewa." Kika rufe ɗakin tukwanen.

Kina jinya sau biyu kika aiko in zo, na ce sai Juma'a. Jiya na je. Tukwane talatin na jere a rumfa ba a shafa ba, ga damina ta yi nisa, rijiyoyi sun gurɓace. 'Yarki Salima ta ɗauki buroshin shafa azurfa, ta ajiye.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Ya'u, da Salima, da mutanen Jiratawa da Tsibiri. Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara. Mu kuma Ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.