Ƙugin Falon Alhaji Mu'azu

Har gobe ban manta da ranar Asabar ɗin da na yi a gidan Alhaji Mu'azu a Limawa ba. Ƙarshen damina ne, an fara yankan gero, ni kuma ban daɗe da samun ƙarin matsayi a shagonmu ba. Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, sabon shiga ɗaukar kaya da jan waya yake yi. In ya goge sai ya zama mai haɗawa, wanda ake damƙa wa kayan mutane ya jona su. A samansa akwai shugaban aiki, wanda a lokacin shi ne maigidanmu, Malam Habu. Wannan ne karo na farko da Malam Habu ya tura ni gidan wani ni kaɗai, domin shi yana da taro a wani ɗakin biki a cikin Dutse.

Alhaji Mu'azu babban ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai fara'a, mai son kallon ƙwallo da sauraron kiɗan gargajiya. Falonsa babba ne ƙwarai, ƙananan kayan sauti na gida ba sa cika shi. Shi ya sa ya je Kano ya sayo amfilifaya biyu irin na aiki, wato irin waɗanda muke fita da su taro. Amfilifaya ita ce akwatin da ke karɓar sauti yana ɗan siriri, ta ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa manyan lasifika. Ta gida ba ta da nauyi, ba ta da rigima. Ta aiki kuwa jikinta duk ƙarfe ne, tana da fanka a ciki, fuloginta ƙafa uku ne, ba ta kuma san rimot ba. Dole a bi da sautin ta risiba, akwatin da ke tattara sautin talabijin da dikoda, shi ne zai riƙa ba ta umarni. Ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa. In ba haka ba sai ka ji gum a lasifika kamar an saki turmi a ƙasa.

Tun ranar Juma'a na gama jan wayoyi, na ajiye amfilifayoyin a kusurwa inda iska za ta same su, ƙarar fanka kuma ba za ta dami mai kallo ba. Saura gwaji. Gaggawar da ake yi ita ce, a ranar Asabar ɗin bayan la'asar za a yi walimar saukar karatun 'yarsa Hafsa. An ɗauki bidiyon karatunta a makaranta, Alhaji kuma ya riga ya faɗa wa malaminta da dukan abokansa cewa a falon nan za su kalla.

Da hantsi na kunna kaya. Sauti ya fito fes. Na sa wa Alhaji kiɗan kukuma, ya tsaya a tsakiyar falo yana kaɗa kai, ya ce, "Nasiru, ai kamar mai kiɗan yana zaune a kan kujerar nan." Ya fita karɓar rumfuna, ni kuma na fara naɗe ragowar waya ina jin daɗi.

Sai ƙugi ya taso. Wata ƙara ce mai kauri, kamar ƙudan zuma sun cika tulu, tana fitowa daga kowace lasifika ko da an rage murya gaba ɗaya. Ƙa'idarmu a nan ita ce ka zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ka gane wadda ke kawo shi. Da na zare wayar dish, wato farantin tauraron ɗan adam, sai ya ragu, na ce to na kama ɓarawo. Kafin in mayar da ita, ƙugin ya ɗauke ɗif da kansa. Na mayar da waya, shiru. Na jijjiga kan kowace waya, shiru. Na zauna ina kallon kayan cikin damuwa, domin duk mai wannan sana'a ya san ciwon da ke zuwa ya tafi ya fi wanda ya zauna wuyar magani.

Wajen azahar ƙugin ya dawo. Na zagaya bayan kayan, na miƙa hannu zan janyo amfilifaya ta sama, sai na ji wani abu ya fizge ni tun daga yatsu har kafaɗa. Na buge da bango. Allah ya sa da bayan hannu na taɓa, kuma ina sanye da takalmin roba. Na ciro tasta, ɗan sukundireban nan da ke kawo haske in ya taɓa wuta, na ɗora a jikin ƙarfen. Ya kama ja wur, kamar na cusa shi cikin soket.

Na kashe kayan, na zare fulogi, na kira Malam Habu. Da ƙyar nake jin sa saboda hayaniyar taro.

"Maigida, jikin amfilifaya yana ɗauke da wuta, ga ƙugi yana zuwa yana tafiya."

"Shekaranjiya da muka gwada su a shago lafiyarsu ƙalau. At ɗin gidan ne. Karya ƙafar fulogi ta uku, ƙugin zai tafi."

"Maigida, wutar fa da ƙarfi."

"Nasiru, wayarin ɗin gidan mutane ba aikinmu ba ne. Sauti aka ce mu haɗa. La'asar ta kusa, kada ka kunyata ni a wurin Alhaji."

Ya kashe waya. At, wato wayar ƙasa, ita ce waya ta uku da ke bin dukan soket ɗin gida, ta ƙare a jikin wani ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa. Aikinta, in wuta ta ɓalle a cikin wani inji, ta kwashe ta ta zuba a ƙasa kafin ta sami mutum. Maganar Malam Habu ba ƙarya ba ce. Da a ce na karya ƙafar nan, da amfilifaya ta rabu da wayar gidan, ƙugi ya tafi, a yaba aikina. Har na ɗauko filaya. Abin da ya tsayar da ni shi ne tambaya guda: ita wutar da ke cikin wayar ƙasa, daga ina take zuwa, kuma ina da ina ta kai?

Ina tsaye da filaya a hannu sai uwargidan, Hajiya Rakiya, ta yi sallama daga bakin ƙofa tana tambayar yaushe zan gama a shimfiɗa dardumai. Ta ga ina yarfe hannu.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Wuta ce ta ɗan ja ni."

"Ayya, sannu. Ai gidan nan haka yake. Firizarmu ma takan ja mutum, musamman in ana cika tanki. Mun saba, silifas muke sawa."

"Hajiya, yanzu ana cika tankin?"

"Tun safe ake kunnawa ana kashewa. Ka san yau ranar wanke-wanke ce."

Nan take na gane. Injin da ke jawo ruwa daga burtsatse shi ne abin da ke zuwa yana tafiya. Na roƙe ta a kira mini Alhaji, a kuma nema mini izinin shiga cikin gida.

Alhaji ya zo da alamar gajiya, ya shige gaba ina bin sa. Tsakar gida cike take da mata, ana girki, ana wanke manyan tukwane, siminti duk ya jiƙe. Firizar tana kan baranda, an cika ta da zobo da kunun aya. Muna isa sai ga wata 'yar ƙaramar yarinya, jikar gidan, ta taho a guje, ƙafarta ba takalmi, rigarta sharkaf da ruwa, ta nufi murfin firizar.

Ban san lokacin da na daka tsawa ba. "Ke! Tsaya nan!"

Yarinyar ta ƙame, sannan ta fashe da kuka. Mata suka juyo suna kallon baƙon da ya shigo gidan mutane yana yi wa 'yarsu tsawa. Na ga fuskar Alhaji ta sauya. Ban tsaya ba da haƙuri ba, sai na durƙusa na ɗora tasta a kan ƙarfen murfin. Ko da rana tsaka, kowa ya ga jan hasken.

"Ranka ya daɗe, cikakkiyar wuta ce. Ina zaton injin ruwa ne ke zubo ta cikin wayar ƙasa. Ina roƙon a kashe shi yau gaba ɗaya."

"Yau? Yau da gida ke cike da mutane za ka ce a hana ruwa? Da me za a yi girki, da me baƙi za su yi alwala?"

"Ranka ya daɗe, ban da tabbas tukuna. A kashe a gani. In na yi kuskure, a kunna, in ɗauki laifin."

Ya dube ni, ya dubi jikarsa da Hajiya ta riga ta sunkuce. Ya juya ya nufi bakin get inda makunnin injin yake. Ni kuwa na tsaya riƙe da tasta a jikin firiza, ina addu'a a zuci. In hasken bai mutu ba, na tayar wa mutane hankali ranar farin cikinsu, kuma ban san inda wutar take ba. Sai na ji sautin ruwan da ke zuba a tanki ya tsaya. Hasken ya mutu.

Alhaji ya dawo, na nuna masa. Ya koma ya zare fis ɗin injin da hannunsa, ya jefa a aljihun babbar rigarsa, ya ce a kira masu kurar ruwa.

Na kira Baba Isyaku, dattijon mai gyaran wuta da shagonmu ke hulɗa da shi. Ashe yana Buji wurin yankan geronsa, ba zai samu shigowa ba sai gobe. Da na yi masa bayani ya ce, "Ɗana, ka yi daidai da ka kashe, amma kada ka saki jiki. Gidan da at ɗinsa bai kai ƙasa ba, ba ka san me kuma ke zuba a ciki ba. A zare firiza da duk wani abu mai jikin ƙarfe. Kayanka kaɗai za ka bari, ka kuma riƙa auna su."

Haka aka yi. Na sake jona amfilifayoyin ba tare da na taɓa ƙafar fulogi ba, na kunna bisa ƙa'ida, babu ƙugi. Na jawo teburi na tare kusurwar don kada kowa ya kai hannu. Bayan la'asar maza suka cika falo, malamin Hafsa yana gaba. Muryar yarinyar ta fito tas, har jan numfashinta tsakanin ayoyi ana ji. Malam ya sunkuyar da kai, Alhaji yana share ido da gefen rigarsa. Ni ban ji daɗin ko aya ɗaya ba. Ina tsugune a kusurwa, kunnena yana jiran ƙugi, lokaci-lokaci ina ɗora tasta a ɓoye.

Da mata za su shiga nasu kallon, sai na fita na zauna a kan bulo kusa da makunnin injin. Na san fis yana aljihun Alhaji, amma na san mutanenmu: wani mai taimako zai iya zuwa ya cusa guntuwar waya a gurbinsa don a samu ruwa. Aka kuwa yi. Wani maƙwabci ya zo da zummar haka, sai da na yi ta ba shi haƙuri. Ban bar gidan ba sai da aka watse gab da magariba, na kashe kayana, na zare fulogi.

Washegari Baba Isyaku ya zo. Aka zaro injin daga rijiya, sai ga wayarsa ta goge a wani wuri, jan ƙarfen yana taɓa jikin injin. Daga nan ya bi wayar ƙasa har bayan gida, ya fasa siminti. Babu ƙarfen da aka kafa. Wanda ya yi wayarin ɗin gidan tun farko naɗe kan wayar kawai ya yi, ya tura cikin bulo, aka shafe. Alhaji ya zauna a gefen dakalin tanki, ya daɗe yana kallon guntuwar wayar nan, sannan ya ce a hankali, "Yaran nan a nan suka yi rarrafe."

Malam Habu bai taɓa ce mini na yi daidai ba. Ranar Litinin ma faɗa ya yi mini, wai na sa an yi walima da zobo mai ɗumi. Amma cikin satin ya sayo sabuwar mitar auna wuta, ya ce daga yau ba wanda zai jona kayan aiki a gidan kowa sai ya auna soket da at ɗin gidan tukuna. Dokar da ku yaran shagonmu kuke bi yanzu kuna ƙorafin tana ɓata lokaci, asalinta ke nan.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa, shi ne kayan taro ba a yi su don falo ba, amma suna zama lafiya in gidan lafiyayye ne. In ba lafiyayye ba ne, ba sa rufa masa asiri. Ƙugi labari ne kayan ke ba ka, kada ka toshe musu baki kafin ka ji ƙarshensa. Kuma in kun shiga gida, ku gaisa da masu gidan ku tambaye su, musamman waɗanda ke wuni a cikinsa. Mita tana faɗa maka akwai wuta. Wadda ke buɗe firiza kullum ita ce ta san lokacin da take zuwa.