Layi na Uku Yana Bakin Taga

A sashen yara masu karaya babu wanda ya damu da sunanta na yanka. Likitoci Sista suke ce mata, yara kuwa Anti Cike-Gurbi, har iyayensu ma suka kama. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, tun daga nesa kake jin takalminta na roba yana ƙara a kan tayil. Aljihun rigarta ba ya rabuwa da abu biyu: almakashin yankan bandeji, da wani baƙin alƙalami mai kaurin baki. Almakashin na asibiti ne. Alƙalamin kuwa nata ne, kuma shi ya jawo mata sunan.

Da zarar an ɗaure wa yaro ƙafa ko hannu da farin filastan nan mai tauri kamar siminti, ita allo take gani ya samu. Sai ta jawo kujera, ta tambayi yaro ajinsu nawa, ta zana masa lissafi a jikin filastan, ta bar gurbi ba ta cike ba. Ƙananan yara sukan samu mai sauƙi, wane abu za ka ɗora kan uku ya zama takwas. Masu kaifin ƙwaƙwalwa kuwa hotuna take zana musu a maimakon lambobi, tauraro da kifi da wata, ta ce kowane hoto lamba ce ta ɓuya a bayansa, daga ɗaya zuwa tara, kuma hotuna biyu ba sa haɗa lamba ɗaya. Wannan dokar ba ta taɓa canza ta ba. Tarawa da ɗebewa ne kawai, amma sai ka ga yaro ya wuni yana hararar gwiwarsa yana motsa baki.

Ita tun tana yarinya malamar lissafi ta so zama. Yayanta ne ya sa mata cutar lissafin, don ba ya ɗaukarta a keke sai ta warware abin da ya ƙulla mata, in ta kasa ta bi shi a ƙasa tana kuka tana lissafi. Da mahaifinsu ya kwanta ciwo ita ta yi jinyarsa, daga nan hannunta ya saba, ta wuce makarantar koyon aikin jinya. Ba ta taɓa cewa ta yi da-na-sani ba, amma alƙalamin nan bai bar aljihunta ba. Mijinta, mai gyaran firji, yakan ce shi kaɗai ne a unguwarsu sai ya ci jarrabawa kafin a gaya masa inda aka ajiye makullinsa. 'Ya'yanta kuwa da sun ga ta cire murfin alƙalami kowa sai ya tuna an aike shi.

Shekarun da ta yi a sashen sun koya mata cewa zafin karaya na kwanakin farko ne. Bayan nan zaman banza ne ciwon, kuma ya fi cin masu wayo, don ƙwaƙwalwar da ba a ba ta aiki ba kanta take komawa ci.

A cikin irin waɗannan aka kawo wata 'yar aji huɗu, babur ya buge ta a hanyar dawowa daga makaranta, ƙashin cinya ya karye har sai da aka yi mata aiki. Siririya ce mai manyan idanu, ba ta da yawan magana, sai dai in ta yi, gyara take wa mutum. Duk abin da Anti ta zana mata, kafin a gama zagayen ba da magani ta warware, har tana tambaya ko babu na manya. Yaran ɗakin suka sa mata Farfesa, ita kuma ba ta musa ba. Anti ta shiga uku da ita, amma irin shiga ukun da take so. A cikin motar haya, a lokacin hutun shan shayi, kullum tana ƙulla sabo tana kwancewa, ko za ta samu wanda zai riƙe yarinyar har yamma.

Matsalar ta taso ne da lokacin tsayuwa ya yi. Aka kawo mata ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, aka miƙar da ita, ƙafar ta yi rawa, ta sulale ƙasa a gaban kowa. Wani yaro a gadon kusa ya yi dariya, ba da mugunta ba. Tun daga ranar Farfesa ta kafe, ko kallon ƙarfen ba ta yi. An yi lallashi, an yi faɗa, babanta ya yi alkawarin sabuwar jaka, duk a banza. Likita ya kira mahaifiyarta gefe ya gaya mata gaskiya: gwiwar ta fara sandarewa, in yarinyar ba ta taka ba, sai an sake mayar da ita ɗakin tiyata, kuma ba ya iya rantsewa ba za ta tashi da ɗingishi ba. Matar ta fito tana share ido da gefen mayafi.

Kowa ya ce tsoron zafi ne. Anti ba ta yarda ba, don ta ga yarinyar ta jure wankin ciwo ko uffan ba ta ce ba. Abin da ta gani shi ne yarinyar da ba ta taɓa kasa yin abu a gaban mutane ba, kuma ta gwammace ta kwanta da ta sake kasawa. Abin ya ba ta tausayi, ya kuma ba ta haushi.

Sai ta ɓullo da dabara. Tunda an riga an cire filastan, ta rubuta layi biyu na lissafi a takarda ta ba Farfesa, ta ce layi na uku yana manne a bango, bakin tagar ƙarshen baranda, mai so ya je ya karanto. Farfesa ta dube ta, ta dubi takardar, ta jira ta fita, ta aiki mahaifiyarta. Baiwar Allah ta je ta kwafo mata tsaf, har da zanen kifin. Da Anti ta dawo ta tarar an gama, ta ja uwar waje ta yi mata faɗan da ita kanta sai da ta ba ta haƙuri daga baya.

Washegari ta zo da sabo, ta ja kunnen duk wani mai ƙafa a ɗakin kada ya kwafo wa yarinyar layi na uku. Tauraro da kifi goma sha bakwai. Kifi da wata tara. Na uku yana bakin taga. Ta tafi aikinta tana jin daɗin kanta, ta dawo canza wa wani yaro bandeji sai ta ji an kira ta.

"Anti, ba sai na je ba. Sha bakwai ai sai tara da takwas. In kifi tara ne, wata ba shi da komai, ke kuma kin ce daga ɗaya ake farawa. Kifi takwas, tauraro tara, wata ɗaya." Sannan ta ƙara, "Na ma san abin da kika rubuta a can. Tauraro da wata, goma."

Anti ta tsaya da almakashi a hannu. Garin sauri ta zaɓi manyan lambobi, ta toshe wa kanta hanya, layi biyun sun isa. Haka ta rubuta a can ɗin kuwa, ko harafi yarinyar ba ta kuskure ba. Bakinta har ya buɗe zai yaba, don malamar da ke cikinta ta ji daɗi kamar ta rungume ta. Sai ta haɗiye. Ta ci gaba da yankan bandeji, ta ce ba tare da ta waiwayo ba:

"Ƙila haka ne. Ƙila kuma ba haka ba ne."

Farfesa ta ce ta duba mata mana. Anti ta ce ita yau ba ta duba aikin kowa, amsa tana bakin taga. Yarinyar ta ce ai ta san ta yi daidai. Anti ta ce to madalla, sai ta kwanta ta huta. Wannan ƙeta ce ƙiri-ƙiri, kuma Anti ta san ƙeta ce. Amma ta san mai irin wannan kan: zai iya haƙura da jaka, ba zai iya haƙura da amsar da ba a tabbatar masa ba.

Aka kawo abincin rana, Farfesa ta ture. Ta juya ga bango, ta juyo, ta sake duba takardar. Anti tana teburin masu jinya tana jera magunguna, ido ɗaya a kan ƙofa, har ta fara tunanin ko ta wuce gona da iri. Can da rana ta yi sanyi sai ta ji ƙarar ƙarfe a kan tayil, a ɗaga a ajiye, a ɗaga a ajiye.

Ga ta nan ta fito, fuska a ɗaure, gumi na bin wuyanta, tana jan ƙafar kamar ba tata ba. Mahaifiyarta na biye da hannu a buɗe, an hana ta taɓawa. Anti ta bar magungunan ta bi bayansu a hankali, kusa yadda za ta iya tarewa. A tsakiyar baranda gwiwar ta lanƙwashe, yarinyar ta yi ƙara kaɗan, ta dafe ƙarfen, ta tsaya tana haki. Yaran da suka leƙo babu wanda ya yi dariya. Ta ɗago, ta ci gaba.

Da ta isa bakin tagar ta karanta takardar, ta sake karantawa. Ba ta yi murmushi ba. Ta juyo ta dubi tsawon barandar da ta biyo, har can ƙofar ɗakinsu, ta daɗe tana kallo. Mahaifiyarta ta rufe baki da mayafi tana kuka. Anti ma idonta ya cika.

"Na yi daidai," in ji Farfesa, tana mayar da numfashi. "Amma ya yi sauƙi, Anti. Gobe ki yi wanda dole sai na je. Kuma ki manna shi can bakin matakala."