Ajin da Malam Ghali Ya Bari a Rumfar Niƙa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Ghali Shitu, malamin Fiziks a wata sakandare a ƙasar Kiru, bayan jinyar kwana shida. Ni Badamasi mai injin niƙa ne, kuma shekara tara rumfata ce ɗakin gwajinsa.

Malam, ranar da ka fara shigo mini da ɗalibai, wallahi na ɗauka zolaya ce. Ka ce in kashe inji. Babban wilin ya ci gaba da juyawa, yana sanyi, har ya tsaya. Ka sa kowa ya taɓa gindinsa, yara suna janye hannu don zafi. Ka ce da yana juyawa duk ƙarfin hanya ɗaya ya nufa. Yanzu ƙarfin ya watse cikin ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da iska, kowace tana rawarta, har na iskar suna wulwulawa ta ko'ina. Ma'aunin wannan watsewa ka kira entrofi. Ka ce ko shekara za mu yi a tsaye, zafin ba zai taru da kansa ya juya wilin ba. Ni da na tsaya a aji shida na firamare na gane, na kuma daina zagin boris, ƙarfen da wilin ke juyawa a kansa, idan ya ɗau zafi, na koma ba shi maiko.

To, ko kwana uku ba ka yi a ƙasa ba, wani babba a makarantar ya ce tunda babu malami, a cire sunayen ɗalibanka tara daga jarrabawar Fiziks ta watan Mayu. Har ya ƙara da cewa dama yawon gidan niƙa kawai ake yi. A wajen zaman makoki fa! Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka taɓa zuwa ka gani? Sunan yaro ko ɗaya ba zai fita ba muna raye."

Ni da iyayen yaran muka je ofishin makarantar muka zauna, ba hayaniya, ba kuma tashi, sai da aka ba mu zuwa ƙarshen wata mu kawo mai koyarwa. Rufaida, ɗalibarka ta farko da ke karatun malanta a Kano, da ta ji, ko sallamar kirki ba ta tsaya yi a waya ba, ta ce tana hanya.

Asabar ɗin nan na kashe inji da hantsi. Masu niƙa suka yi ta mita, na ce su yi haƙuri ko su wuce gaba, yau makaranta ce. Rufaida ta ƙirga yara takwas, duk mun san wadda babu. Ana cikin darasi sai ga ta taransu, Hamdiyya, 'yarka, idanu a kumbure, rungume da littafinka. Ta ce, "Kawu, a matsa mini, Baba bai gama mana babin nan ba." Na fita bayan rumfa na yi kukana.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Malama Dije da yara da dukan dangi na garin Badafi. Allah ya ba ku haƙuri. Ɗalibanka kuwa, da yardar Allah, su tara za su zauna jarrabawar nan.