Akwatin Kawu Dakata

Ku da kuka san Kawu Dakata kun san ba a gaishe shi ana sauri. Ka ce masa ina kwana, sai ya laluba aljihu ya ciro goro, ya ɓare, ya jujjuya ɓarin yana dubawa, kai kuwa kana tsaye kamar an dasa ka. Sai ka gaji ka juya, ka yi taku biyar, sannan ka ji daga baya an ce, "Lahiya lau." Sunansa na yanka Salihu, amma ko matarsa Inna Hajo sai ta yi tunani kafin ta tuna. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne shugabanmu, mu bakwai masu haƙar rijiyoyin siminti a ƙauyukan Kankara da Faskari, 'yan shekaru kafin a ba da mulkin kai.

Mutane na yi masa dariya, mu ma muna yi, amma mun san mafarin abin. Rijiya in ta yi zurfi, muguwar iska kan kwanta a gindinta, ba ta da wari, ba a ganinta. Mutum ya sauka yana waƙa, sai a ji waƙar ta yanke. Haka ƙanensa Idi ya tafi a Ketare, kuma Kawu ne ya jawo igiyar. Tun ranar ya rantse ba zai sake fitar da gawa daga rijiyar da yake shugabanta ba.

Da farko zakara yake zurawa cikin kwando kowace safiya. In zakaran ya fito yana harare-harare, mu sauka. In ya fito ya langaɓe, mu zauna. Daga baya aka kawo mana fanka mai ɗan injin wuta, tana tura iska ƙasa ta wani dogon bututun tamfol. Sai matsala ta sauya: wani ya kashe ta da wuri don yana sauri, wani ya manta da ita har ta ɗau zafi. A wata na biyu muka ƙone ta, sai da aka kawo mana wata.

Baturen da ke duba aikin ya ce akwai maganin wannan, wani akwati da ke ƙidaya lokaci da kansa. Ka danna, fanka ta tashi, in lokacin da aka sa ya cika ya yi ƙas, ya kashe ta, sannan a sauka. Ya ɗauki Kawu a mota har sito a Funtua, ni ina biye don in riƙe kaya. Aka ajiye masa guda biyu, wani babba kamar adakar amarya, wani ɗan ƙarami da bai fi gwangwanin taba ba. Bature na yabon babban. Kawu ya sa tafinta ya tambaya ko ƙaramin zai iya da ƙarfin injin fankar. Aka ce zai iya. Ya tambaya ko ƙura na shiga. Aka ce a rufe yake. Ya ce to a haɗa a gwada, ya jefa ɓarin goro a baki, ya zauna a kan buhun siminti.

Akwatin ya yi ƙas, Kawu bai gama tauna ba. Ya ce akwatin ga na da gaggawa, a ƙara. Aka murɗa wani ɗan kunne da ke gefensa. Sau huɗu ana yi, goro huɗu, Bature ya koma ja kamar gauta, har sai da ƙas ɗin ya zo daidai da haɗiyar ƙarshe. Tafinta ya ce masa don me ya ƙi babban, ga shi ya fi kwarjini.

"Babban nan, jaki za shi ɗauke shi," in ji Kawu. "Kun taɓa ganin jaki ya hana mutum shiga rijiya? Wanga aljihuna za shi zauna. In ban zo ba, ba mai sauka."

Haka kuwa aka yi. Kullum in an tashi aiki sai ya kwance wayoyin, ya naɗe akwatin a tsumma, ya sa a aljihun riga. Da shi yake zuwa masallacin Juma'a, da shi yake zuwa gaisuwar mutuwa. Ba a isa a aibata akwatin nan a gabansa ba. Wani direba ya taɓa cewa ai wannan abin wasan yara ne, Kawu ya sauka daga motarsa ya ƙarasa Faskari a ƙasa. Zakaran kuwa, da Salla ta zo Inna Hajo ta kama shi za a yanka, Kawu ya ƙwace, ya ce ma'aikaci ne da ya gama aikinsa lafiya, ba a saka wa ma'aikaci da wuƙa. Tsufa ne ya kashe zakaran nan, mu kuwa muka ci tuwon Salla da miyar kuka.

A Mabai mai gari ya kawo baƙi su ga aiki, ya tarar da mu zaune, fanka na ta huci. Ya ce a kashe a sauka, baƙi na jira. Kawu ya tashi cikin ladabi, ya miƙa masa igiya hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, babba shi ka yin gaba. Bismilla."

Mai gari ya dubi ramin, ya dubi baƙi, ya ce ai inuwar nan ma tana da daɗi.

Abin da ya rage ban taɓa faɗa a taro ba. Muna wani ƙauye kusa da Sabuwa, rijiya mafi zurfi da muka taɓa haƙawa, sai saƙo ya zo matata ta haihu, suna jibi. Saura aikin yini ɗaya, ni kuma hankalina ya riga ya tafi gida. Bayan hutun rana, Kawu ya haɗa akwatin ya zagaya yin alwala. Na sa farce na murɗa kunnen nan baya. Ya yi ƙas tun Kawu bai dawo ba, na ce wa sauran ai kun ji, na shiga guga. Ina tuna sanyin ƙasa a tafin ƙafata, daga nan ban san kome ba.

An ce da gudu ya zo, hannuwansa a jiƙe. Bai tsaya tambaya ba, ya danna fankar ya bi igiya. Ya ɗaure ni aka jawo ni, shi sai da aka sake zura igiyar sau biyu kafin ya iya kama ta. Ya fito da rai, amma ƙirjin ya riga ya taɓu, ga shekaru.

Kwana uku ya yi a kwance a zauren mai gari. Bature ya zo bincike, ya ce duk wanda ya taɓa akwatin zai bar aiki, ƙila har gaban alƙali. Ina durƙushe a bakin ƙofa. Kawu ya miƙa hannu aka ba shi akwatin, ya dubi inda kunnen ya tsaya, ya daɗe yana duba. Sannan ya ture shi gefe.

"Ba wanda ya taɓa shi. Lalatacce ne tun asali, ni na yi zaɓen banza. Da babban na ɗauka."

Da suka fita ya yafito ni. Na buɗe baki zan yi magana, ya girgiza kai.

"Kai har yanzu kana nan? Tahi ka ga ɗiyarka, an yi suna babu kai."

Na tafi. Ina Kankara riƙe da jaririya labarin rasuwarsa ya iske ni. Yau yarinyar nan tana da jikoki, ni kuma har gobe in na tuna ranar nan kunya da baƙin ciki suke rufe ni, ban san wanda ya fi yawa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Salihu, ya yalwata masa kabarinsa, ya sanyaya masa makwanci. Yadda ya rufa mini asiri, Allah ya rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Shi. Amin.