Ƙafafun Yaya Haruna

Wata Litinin ce, mako guda bayan ƙaramar Sallah ta shekarar 1972, na fara ganin gudu ya sa mutum amai. Inna ta aike ni kai niƙa bayan azahar, ni kuwa da ɗan banzan son kallo sai na ratse ta bayan makarantar su Yaya Haruna, na dire ƙwaryar a gindin darbejiya, na leƙa ta ɓular darni. Samari ne 'yan aji bakwai, ba riga a jikinsu, sun jeru a fili rana tana dukansu. Malaminsu ya busa usur, suka zabura kamar an sako musu kare, suka je suka taɓo tsamiyar da ke ƙarshen fili, suka juyo, suka zube rub da ciki. Kafin su ja numfashi ya sake busawa. Haka aka yi ta yi har na gaji da tsayuwa, ni da ba na gudun. Yayana ne a gaba kullum. Da aka sallame su sai na ga ya zagaya bayan tsamiyar, ya dafa gwiwoyi yana ta kelaya amai, ƙafafunsa na kaɗawa. Ya ɗago ya hango ni, ya zabga mini harara ya ce, "Uwani, kika faɗa a gida sai na ɓalla ki."

Wasan da ake gasa musu gyaɗa a kansa shi ne zari-ruga. Malam Bitrus ne ya zo mana da shi Haɗeja daga can duwatsun Jos, tare da wata ƙwallo mai kama da kabewar da ba ta yi kyau ba. A rungume ta ake yi a ruga, wanda ya cim maka ya kayar da kai, in za ka ba ɗan'uwanka kuma sai ka jefa masa baya. Mu 'yan mata dariya muke sha, tsofaffin bakin masallaci kuwa cewa suke wannan kokawa ce aka sa wa wandon boko. Ban yarda a zagi Malam Bitrus a gabana ba har gobe. Mutumin kirki ne, tare da yaran yake gudun, wanda ba shi da takalmi ya nemo masa. Ya yi musu alkawarin zai kai su Jos su kara da wata makaranta kafin hutun ƙarshen shekara. Da azumi ya zo ya dakatar da komai don ya tausaya musu, da aka sha ruwa kuma ya ga lokaci ya ƙure, sai ya ninka gudun. Shi a makarantar kwana ya koyi wasan, a gari mai sanyi, inda yaro in ya gama gudu sai ya yi wanka, ya ci abinci, ya miƙe ƙafa. Bai taɓa tambayar inda nasa yaran suke nufa in sun bar fili ba.

Fadama Yaya yake nufa. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, geronmu na tudu ya bushe a tsaye ko bunni bai gama ba. Abin da ya rage mana a duniya shi ne 'yar gonar shinkafa a bakin kogi, wadda ambaliya ta ɗan taɓa. Ina zaune Baba ya faɗa, fuskarsa na kallon bango, "In shinkafar nan ta shigo gida, wancan ya wuce gaba da bokonsa. In ba ta shigo ba, sai ya nemi abin yi." Kowa ya ji, har wanda ake nufi. Shinkafar kuwa ta yi kyau, ta sunkuyar da kai, saura kaɗan a sa mata lauje. Sai dai jan-baki sun sauka a fadamar. Wanda bai san tsuntsayen nan ba zai raina su, don ɗaya bai cika tafin hannu ba, amma in suka taso sai sun rufe rana. Kowace gona da rumfarta a kan gwafanni, an ja igiyoyi ko'ina an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Mai tsaro yana sama, yana fizgar igiya, yana ihu, yana wurga curin laka da majajjawa. Yaya ne da asuba har lokacin makaranta, Baba ya karɓe shi, da la'asar kuma ya koma har faɗuwar rana. Tsakanin nan ga karatu, ga gudun Malam Bitrus, ga tafiyar ƙasa zuwa da dawowa.

To, ga inda abin yake ci mini rai. Yaya ɗan fari ne. A gidanmu, kamar sauran gidajen unguwa, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Uba ma haka. Kunya ce, an ce ita ce mutunci. Mai jan ɗan fari a jiki ita ce kaka, tamu kuwa, wadda ta yaye shi ta goya shi, tana Kafin Hausa a kwance ba lafiya. Ni 'yar auta, ƙaya ta soke ni sai Inna ta ɗora ni a cinya tana lallashi har in gaji da shagwaɓa. Shi kuwa sai dai, "Uwani, kai wa mutumin can tuwonsa." Ni ce wayar da ke tsakaninsu, kuma ba a taɓa ba ni saƙon da ya wuce na tuwo da ruwan wanka ba.

Kada a ce Inna ba ta gani ba. Ta gani sarai. Ta ga ya fara barci da loma a hannu. Ta ga in zai tsuguna alwala sai ya dafa bango yana cije leɓe. Ta ga idanunsa sun faɗa, wandon makaranta ya fara zamewa daga ƙugunsa, ga saurin fushi da ba halinsa ba. Abin da ta iya yi shi ne ta tsoma man shanu a ƙarƙashin tuwonsa, ta rufe da miya don kada a lura. Maƙwabciyarmu Ya Falmata, wadda iyayenta mutanen bakin tafkin Chadi ne, ba ta iya ɓoye magana ba. Ta shigo aron turmi ta gan shi ya wuce yana jan ƙafa, ta ce, "Ke, yaron nan naki yana ƙarewa a tsaye, ba ki gani ne?" Inna ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe, ta ce wai garin nan bai yi laushi ba. Shi ma gogan ba zai buɗe baki ba. Ya ce wa Baba ya gaji? Da wane ido? Ya ce wa Malam a rage masa gudu, a cire shi daga masu zuwa Jos? Ai gara ya mutu a filin.

Ranar Juma'a Malam Bitrus ya kai su yashin bakin kogi da safe, suka yi ta hawa da sauka a guje. Da yamma aka aiko cewa jikin Kaka ya tsananta, Baba ya kama hanya da sassafen Asabar, ya bar wa Yaya gonar wuni guda. Da hantsi Inna ta dama fura ta ce in kai. Tun daga nesa na ji gwangwanayen gonakin mutane suna ta kaca-kaca, yara suna ihu ta kowane gefe, ɓangarenmu kuwa shiru. Sai wata ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Na yar da ƙwaryar na ruga. Duk tsuntsun da aka kora daga gonakin maƙwabta a tamu ya sauka, gonar ta yi baƙi ƙirin tana motsi. Yaya yana kan rumfa a zaune, igiya naɗe a hannunsa, kansa a kan gwiwa. Na yi ihu, na fizgi igiya, na hau na jijjiga shi, na dake shi a baya, wallahi kamar ina dukan buhu. Sai da na juye masa ruwan buta ya buɗe ido. Ya duba, ya yi wata irin ƙara, ya diro don ya kore su, ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa. Da rarrafe ya shiga cikin shinkafar, yana kama zangarniya yana murzawa, ba komai sai ƙaiƙayi.

Baba ya dawo washegari, ya je ya tsaya a bakin gonar ya daɗe, ya yi salati, ya juyo gida. Bai dake shi ba, bai zage shi ba, kuma da ya yi ɗaya daga ciki ina jin da ya fi wa Yaya sauƙi. Abin da muka tattara bai kai mu tsakiyar rani ba. Da Malam Bitrus ya ji, ya zo a kan kekensa, ya cire hula ya durƙusa a zaure. Ina laɓe na ji yana cewa, "Baba, Allah ya sani ban san yana tsaron gona ba. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Baba ya ce ƙaddara ce, Malam ya daina damun kansa. Malam ya roƙa a ba shi yaron ya zauna a gidansa ya ƙarasa karatu. Baba bai hana ba, Yaya ne ya ƙi. Ya ce ba zai zauna yana cin tuwon wani ba alhali ya bar gidansu ba hatsi. Ƙanen Ya Falmata yana kamun kifi a tafkin Chadi, sai Yaya ya bi shi. Ranar tafiyar Inna ta ƙulle ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake a tsumma ta ba ni in miƙa masa, ita kuma ta tsaya a bayan rumbu har ya fice.

Bai lalace ba, kada in yi masa ƙarya. Ya zama masunci, kifinsa ne ya riƙe mu a shekarun yunwar nan, ya yi aure ya tara iyali. Amma bai sake riƙe alli ba, yaron da malamai ke cewa kansa ya fi ƙafarsa gudu, kuma har ya koma ga Allah bai taka Jos ba. Ya riga Inna rasuwa. Bayan an share makoki ina taje mata furfura, ba tambayarta na yi ba, ta ce, "Uwani, ina ganin ƙafafunsa suna rawa. Kullum sai in ce yau zan ce masa ya kwanta ya huta, in sa babanku ya je wurin malamin. Bakina ne ya ƙi buɗuwa." Sannan ta ce, "Haruna." Ran nan na fara jin sunan a bakinta.

Yanzu fadamar ta canza, ciyawar kachalla ta cinye inda gonarmu take, makarantar ma an zagaye ta da bulo. Jikana na fari yakan dawo daga ƙwallo yana ɗingishin ƙarya, uwarsa ta kwaɗa masa kira da sunansa gatsal a gabana, ta zaunar da shi tana matsa masa ƙafa tana tambayar ina ke ciwo. Ƙawayena tsofaffi suna taɓe baki, wai 'yan zamani ba su da ta ido. Ni ba na tanka musu, kallon yaron nake yi ina tuna wani. Ina ma a zamaninmu aka yi wannan rashin kunyar.